Iska Tana Nan a Gusau, Sabis Ne Ya Ɗauke

Bayan ƙarin kuɗin kira da data da aka yi a farkon 2025, wani marubuci ya fitar da maƙala mai zafi, aka yi ta tura ta daga wannan waya zuwa waccan. Jigon maganarsa ɗaya ne: kamfanonin waya iska suke sayar wa talaka. A ganinsa mai shinkafa ya noma, mai fetur ya haƙo, amma mai sabis bai shuka komai ba. Allah ya shimfiɗa sarari kyauta, su kuma suka kakkafa ƙarafa suna karɓar kuɗi. A kan wannan ya ɗora sauran zarge-zargensa. Data sace ta ake yi. Da gangan ake rage ƙarfin sabis da daddare. Tunda kiran WhatsApp kyauta ne, ashe kira ba ya cin komai. Maganin abin kuwa, in ji shi, gwamnati ta karɓe harkar ta riƙe da kanta kamar zamanin NITEL.

Rubutun ya yi daɗin karatu, fushin da ke cikinsa kuma na gaskiya ne. Wanda ya sayi giga biyu da safe ya ga saƙon ƙarewa kafin la'asar ba ya bukatar a koya masa jin haushi. Matsalar ita ce tushen da malamin ya yi gini a kai ba zai ɗauki nauyin ginin ba, kuma kamfanonin da yake son kamawa sun fi kowa murna da irin wannan zargi, don amsa shi ba wuya.

Mutanen Zamfara sun riga sun gwada ra'ayin nasa, ba da son ransu ba. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a faɗin jihar saboda farmakin da sojoji ke kai wa 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce, abin ya zarce, har ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Iska ba ta je ko'ina ba, kowa na shaƙar abarsa a Gusau. Amma ɗan kasuwar da ke son jin farashi ko tura kuɗi sai da ya shiga mota zuwa Funtua, masu POS suka naɗe hannu, wasu mazauna bakin iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar. Maiduguri ta ɗanɗana irin haka a 2013. Abin da aka kashe a waɗannan wurare injuna ne, masu cin wuta da kuɗi.

Yana da kyau a bi kira ɗaya daga farko har ƙarshe, a ga iya inda iskar take.

Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya danna lambar ƙaninsa da ke Fatakwal. Tun kafin ya danna, wayarsa ta riga ta gabatar da kanta. A cikin ɗan sim ɗin nan akwai wata lambar sirri da kamfani kaɗai ke da kwafinta, da ita ake tantance layin, sannan a rubuta a rumbun kamfani cewa wannan lamba tana yankin kaza na Kano. Da ya fara magana, wayar za ta yanka muryarsa gunduwa-gunduwa, sau 50 a kowane sakan, ta mayar da kowace gunduwa jerin sifili da ɗaya, ta matse su. A tsohon tsarin GSM duk muryar mutum bit 13,000 ce a sakan. Waɗannan lambobi ne ke tashi ta zangon rediyo zuwa turke mafi kusa, wanda a cikin birni bai fi 'yan ɗaruruwan mita ba, a ƙauye kuma 'yan kilomitoci. Tsarin GSM na asali ma ba ya yarda waya ta wuce kilomita 35 daga turkenta.

Iskar malamin ke nan, ta ƙare. Daga Kano zuwa Fatakwal kimanin kilomita 1,000 ne, kuma kusan dukkan tafiyar a cikin wayar faiba ake yin ta, siririn zaren gilashi da aka binne a gefen titi, wanda haske ke gudu a cikinsa kilomita 200,000 a sakan. A hanya kiran zai ratsa cibiyar kamfani, a duba ko akwai kuɗi a layin, a duba rumbu a ga yankin da ƙanin yake, turakun yankin su yi cigiyar wayarsa har ta amsa. In layinsa na wani kamfani ne, sai a miƙa kiran a mahaɗar kamfanonin biyu, na farko ya biya na biyu ladan sauke kira a kan farashin da NCC ta yanka. Duk wannan kafin wayar ta yi ƙara sau ɗaya. In kuma mai kiran yana cikin mota, wayarsa na auna ƙarfin turakun da ke kewaye tana kai rahoto, ana miƙa shi daga wannan turke zuwa na gaba ba tare da ya ji an yanke ba. Yawancin kiran da ke katsewa a hanyar Zariya ko ta Gusau a nan yake faɗuwa: turken baya ya saki, na gaba babu shi ko ya cika.

Jama'a da yawa na zaton tauraron ɗan'adam ne ke ɗaukar kiran. Ba haka ba ne, sai a lungunan da faiba ba ta kai ba. Irin tauraron da ke tsaye a wuri ɗaya yana sama da nisan kilomita kusan 36,000, hawa da saukar saƙo kaɗai na cin rubu'in sakan, kuma wanda ya taɓa kiran ƙasar waje a da ya san yadda mutum biyu ke ta cin karo da maganar juna.

Ko wannan ɗan guntun na iska ma, ba kyauta ba ne yadda malamin ya ɗauka. Duk mai sauraren rediyo ya san abin da ke faruwa in tasha biyu suka hau mita ɗaya: ba a jin ko ɗaya. Zangon da ya dace da wayar hannu ƙalilan ne. Na ƙasa-ƙasa, irin su 700 da 800 da 900 megahaz, suna tafiya nesa suna ratsa bango amma faɗinsu kaɗan ne. Na sama, irin 2,600 da 3,500, suna ɗaukar kaya da yawa amma ba sa nisa. Shi ya sa kowace ƙasa ke raba su da lasisi, kuma wanda ya sayar da wannan iska a Najeriya gwamnati ce. A gwanjon Janairun 2001 a Abuja, zamanin da Ernest Ndukwe ke shugabantar NCC, lasisi ɗaya ya tashi a kan dala miliyan 285. A Disamban 2021 MTN da Mafab suka ci gwanjon zangon 5G, kowannensu dala miliyan 273.6. Kuɗin nan asusun gwamnati suka shiga, kuma a jikin mai sayen kati ake fanshe su. Abin mamaki ne mai neman gwamnati ta ceci talaka daga masu sayar da iska bai lura da wanda ya fara karɓar kuɗin iskar ba.

Saboda ƙarancin zangon ne aka ƙirƙiro dabarar da duk harkar ta tsaya a kai. Tun 1947 wani injiniya a Bell Labs ta Amurka, Douglas Ring, ya kawo shawarar a daina kafa eriya ɗaya mai ƙarfi ta rufe gari duka, a yanka garin ƙananan yankuna, kowanne da ƙaramar eriyarsa, yadda za a sake amfani da mita ɗaya a yankunan da ba su maƙwabtaka. Sai a 1979 aka fara sayar da irin wannan sabis a Tokyo, GSM kuma ta fara a Finland a 1991, ta iso Najeriya a Agustan 2001. Ma'anar dabarar ita ce, duk lokacin da jama'a suka ƙaru a unguwa, ba yadda za a yi a ƙaro iska. Sai dai a ƙaro turke.

Wanda ya tsaya a gindin turke ya ɗaga kai zai ga dogayen fararen allunan eriya, galibi rukuni uku, kowanne na fuskantar kashi ɗaya cikin uku na kewayen. Ƙasa da su sau da yawa akwai wani farin faranti mai zagaye da aka saita shi yana kallon wani turken can nesa, shi ke kai kaya inda ba faiba. A ƙasa kuma shinge ne, da akwatunan ƙarfe masu fanka, da jerin batura, da tankin gas, da janareta mai ruri dare da rana, da maigadi da tabarmarsa da butarsa. Kowane rukunin eriyar nan yana da iyakar abin da zai ɗauka. A GSM ana yanka kowace mita gida takwas, wayoyi takwas su riƙa karɓa-karɓa, kowacce ta yi magana a nata lokacin ta yi shiru. Waya na yin wannan harbi kusan sau 217 a sakan, kuma shi ne ƙarar nan ta dirr-dirr-dirr da ke shiga lasifikar masallaci in wani ya ajiye waya kusa da amfilifaya, tun kafin kiran ya shigo. Rukunin da ke da mita huɗu gida 32 gare shi, a cire na sanarwa da cigiya, abin da ya rage kira talatin ne ko ƙasa da haka a lokaci guda. In aka matsa, sai a raba kowane gida biyu, murya ta dusashe.

To a ƙaddara ranar Sallah a filin Idi na Ƙofar Mata, an sallame, dubban mutane sun zaro waya a minti ɗaya kowa na neman ɗansa ko direbansa. Sandunan sabis a fuskar waya cike suke taf, kira kuma ba ya shiga. Malamin ya kawo irin wannan a matsayin shaidar ha'inci. Sandunan nan kuwa abu ɗaya suke aunawa: yadda waya ke jin muryar turke. Ba su san ko akwai gurbi a cikinsa ba, ba su san ko faibar da ke bayansa ta yanke ba.

Haka zancen dare yake. Ba wanda ke zaune a ofis yana murɗa sabis ƙasa bayan sallar isha'i. Lokacin ne kowa ya dawo gida ya buɗe TikTok da YouTube, turken 4G kuma yana rarraba abin da yake da shi tsakanin wayoyin da ke ƙarƙashinsa sau dubu a kowane sakan. In mutum goma ne kowa ya samu rabo mai tsoka, in ɗari uku ne kowa ya samu ɗan tsagi. Hujjar ma tana cikin jadawalin farashin kamfanonin da kansu: datar tsakar dare, wadda ɗalibai ke hana idonsu barci dominta, ta fi ta rana araha nesa ba kusa ba. Da iska ake sayarwa, da ta ƙarfe biyun dare da ta ƙarfe tara farashinsu ɗaya. Gurbi ake sayarwa, kuma gurbin da ba a shiga ba da tsakar dare ba ya ajiyuwa zuwa gobe.

Akwai bambanci tsakanin yadda ake ɗaukar murya da yadda ake ɗaukar data, kuma rashin saninsa ne ya jefa malamin cikin rabin kurakuransa. Kira a 2G da 3G shatar mota ce: daga ɗagawa zuwa ajiyewa hanyar ta mai kiran ce shi kaɗai, ko yana magana ko ya yi shiru yana jiran a kira masa Hajiya daga ɗaki, shi ya sa da lokaci ake cajinsa. Data kuwa lodin tasha ce: a ƙulla kaya ƙunshi-ƙunshi, kowanne da adireshinsa, a jefa a duk motar da ke da wuri, a haɗa su a can, shi ya sa da nauyi ake caji. Tsarin 4G gaba ɗaya lodin tasha ne, ba shata a cikinsa. Saboda haka in waya ko layi ba su da VoLTE, wato ɗaukar murya a cikin ƙunshin data, da kira ya shigo sai wayar ta sauka zuwa tsohon tsari. Mai lura zai ga alamar 4G a saman fuska ta koma H ko E, abin da yake saukewa ya tsaya cak ko ya koma rarrafe, sai an ajiye kiran da 'yan sakanni sannan 4G ta dawo. Wannan ma wasu sun ɗauke shi sata.

Zancen sata kuwa lissafi ne ke warware shi. Minti ɗaya na murya a GSM bai kai kashi ɗaya cikin goma na megabayit ba. Bidiyo mai tsabta na matsakaicin mataki yana bukatar bit miliyan biyu da rabi a sakan, kusan megabayit 19 ke nan a minti, sama da giga ɗaya a awa. Wato minti ɗaya na kallo ya kai nauyin hirar awa uku. Sannan manhajojin bidiyo suna auna saurin layi ne su zaɓi tsabtar hoto da kansu. A kan 3G mai jan ƙafa sai su ba da hoto mai hazo mai sauƙin nauyi. Da aka koma 4G sai su ɗaga zuwa mai kyau ba tare da sun tambayi kowa ba. Mutum bai ƙara lokacin kallo ba, amma abin da yake sha a minti ya ninka sau uku ko huɗu. A ƙara da bidiyon da ke kunna kansa a Facebook, da waɗanda TikTok ke saukewa tun kafin a iso kansu, da hotunan biki da zaurukan WhatsApp ke zubawa cikin waya, da sabunta manhajoji da ake yi a ɓoye, da ƙanen da aka ba hotspot jiya aka manta. Kowace wayar Android da iPhone tana da shafin da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci. Mai zargin sata da gaske daga nan zai fara: ya kwatanta lissafin wayarsa da na kamfani, in ya ga giɓi ya kira 622, layin ƙorafi na NCC, da shaidarsa a hannu. Malamin bai kawo ko lamba ɗaya ba.

Kiran WhatsApp ma ba kyauta ba ne, da data ake biya, sai dai nauyinsa kaɗan ne, bai kai megabayit ɗaya a minti ba. Kuma turke ba ya ba shi fifiko. Ƙunshinsa na bin layi tare da na masu kallon fim, shi ya sa a cunkoso murya ke tsinkewa tana dawowa, alhali kiran layi na tafiya sumul.

A nan ne fa malamin ya zo daf da gaskiya ya wuce ta bai gani ba. In muryar minti ɗaya ba ta kai megabayit ba, ashe farashin minti ba nauyin kayan yake bi ba, abin da kasuwa za ta iya jurewa yake bi. Saƙon tes ya fi muni. Harafi 160 ne, bayit 140 kacal, ana cusa shi a hanyar da waya da turke ke gaisawa, amma naira 4 ake biya a da, bayan ƙarin 2025 ya koma naira 6. Da a wannan farashi ake sayar da data, giga ɗaya ta haura naira miliyan 40. Bahaushe ma yana da nasa ƙarin: jerin haruffan da aka tsara wa tes a Turai ba su da ƙ da ɗ da ɓ, don haka da mutum ya sa ɗaya daga cikinsu wayar ke sauya tsari, saƙon ya koma harafi 70. Wanda ya rubuta Hausa daidai zai iya biyan kuɗin saƙo biyu ko uku a kan abin da mai Turanci ya biya na ɗaya.

Haka nan ƙarewar wa'adin data. Ba wata doka ta kimiyya da ta ce giga ta lalace bayan kwana 30; shawarar kasuwanci ce, kuma ana iya ja da ita. Tarihi ma ya nuna kamfanonin na iya cewa abu ba zai yiwu ba alhali zai yiwu. A shekarun farko, lokacin da sim ke kai naira 20,000 minti kuma naira 50, wanda ya yi maganar sakan biyar kuɗin minti cikakke ake cire masa, ana ce wa jama'a cajin sakan-sakan sai nan gaba. Glo ta shigo a Agustan 2003 da cajin sakan tun ranar farko, sauran suka bi ba shiri. Gasa ce ta yi wannan aiki, kuma wanda ya san yadda injin ke lissafi ne zai iya gane inda ake fakewa da injin.

Sauran tafiyar data ta fi ta murya nisa. Bidiyon da yaro ke kallo a Daura wataƙila daga rumbun da ke Legas ya taso, wataƙila kuma daga Turai, ta wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku. SAT-3 ce ta daɗe ita kaɗai, sai MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano ta Google a 2022, sannan 2Africa. Kusan dukkansu a Legas suke sauka. Ranar 14 ga Maris 2024, a makon farko na azumi, huɗu daga cikin wayoyin yankin, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni daga Laberiya har Najeriya, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, gyara kuma ya ɗauki makonni don sai an turo jirgin ruwa ya ciro wayar daga ƙasan teku. Abin lura shi ne a wannan rana kiran Kano zuwa Kaduna bai fasa shiga ba, domin ba ya bi ta teku. Nijar da Chadi, da ba su da gaɓar teku, ta ƙasashen maƙwabta faibarsu ke bi, kuma suna biyan kuɗin wannan ratse.

A tudu ma faibar ba ta da kwanciyar hankali. Katafilar masu aikin titi na tsinka ta, ɓarayi na haƙe ta da zaton tagulla ce. A ƙarshen Fabrairun 2024 miliyoyin masu layin MTN sun shafe sa'o'i ba kira ba data saboda yankewar faiba a wurare da dama lokaci guda. A shekarar ce Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. A arewa maso gabas kuwa tun 2012 Boko Haram ta riƙa ƙona turaku, a arewa maso yamma kuma akwai turakun da mai kai musu gas ba ya iya zuwa sai da rakiya.

Gas ɗin nan shi ne abin da mai shinkafa da mai sabis suka haɗu a kai. A ƙasashen da wuta ke tsaye turke na jone da layin lantarki, janareta na jiran ko-ta-kwana. A Najeriya janaretan ne uwa da uba. Litar da ba ta kai naira 300 ba a 2021 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2023. Eriya da injuna na Huawei ne da Ericsson da Nokia da ZTE, da dala ake sayo su. Yawancin turakun ma ba na kamfanonin waya ba ne, haya suke yi daga irin su IHS da ATC, kuma wani kaso na hayar da dala aka ɗaure shi. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 cikin watanni. MTN Najeriya, wadda ta fi kowa girma, ta bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023 da kimanin biliyan 400 a 2024. Kamfanonin sun nemi a ninka farashi, NCC ƙarƙashin Aminu Maida ta amince da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ana iya cewa ƙarin ya zo wa talaka a mugun lokaci, ƙungiyar ƙwadago ta faɗi haka da babbar murya. Ana kuma iya lura cewa MTN ta koma cin riba tun a watanni ukun farko na 2025, a tambaya nawa ne daga ribar ya koma sababbin turaku. Cewa ba sa kashe komai ita ce kawai ba ta da wurin zama.

Batun dawo da zamanin NITEL ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya haura shekara arba'in. Kafin 2001 ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 100 layukan waya kimanin 400,000 gare ta. Neman layi sai da sanayya da shekarun jira, mai son kiran ɗansa a ƙasar waje kuma sai ya je ofis ya bi layi. Gwamnati ta ba kamfaninta lasisin GSM tare da sauran, M-Tel ta fito ta shiga kasuwa, ta mutu a tsaye, daga baya aka sayar da abin da ya rage, shi ne ya zama ntel. An riga an gwada.

Inda alƙalamin malamin zai yi amfani yana kusa da gida. Kamfani na kafa turke ne inda zai mayar da kuɗinsa, shi ya sa Legas da Abuja ke zancen 5G yayin da ƙauyuka da yawa a Jigawa da Yobe da Kebbi har yau E ce a saman waya, wasu kuma sai an hau tudu ko an je bakin wata bishiya da kowa ya sani. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, don kai sabis irin waɗannan wurare. Dan majalisar kowace mazaɓa na iya tambayar turke nawa asusun ya kafa a yankinsa, da nawa ne ke aiki yau. NCC na karɓar alƙaluman katsewar kira da cunkoso daga kamfanoni. A matsa mata ta riƙa fitar da su ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, yadda mutumin Birnin Gwari zai ga abin da yake samu kusa da na mutumin Ikeja, alhali farashinsu ɗaya.

Sai kuma gwamnoni. A yawancin jihohi, kowace mita ta faiba da za a binne sai an biya jiha kuɗin izinin haƙa. An daɗe da amincewa a kan naira 145 a mita, amma jihohi da dama sun riƙa karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe kuɗin gaba ɗaya. A farashin Ekiti na da, jan faiba kilomita 100 zuwa wani gari na cin naira miliyan 450 a izini kawai, ba a sayi waya ba, ba a biya mai diga ba. A naira 145, miliyan goma sha huɗu da rabi ne. Garin da kamfani ya duba wannan lissafi ya fasa zuwa, turkensa zai ci gaba da dogaro da farantin nan mai kallon wani turken, kuma komai yawan sandunan da waya ta nuna, abin da farantin ya iya ɗauka shi mutanen garin za su raba. Malamin na iya fara binciken daga jiharsa: nawa gwamnansa ke karɓa a mita, kuma hukumomi nawa ne ke zuwa gindin turke da rasit suna barazanar sa kwaɗo.